Kaskon Dauro a Faƙon Jar Rana

Da sunan Mai rana da inuwa, wanda ya ɓoye zangarniya cikin ƙwayar da ba ta kai idon fara ba. Shi ya kai ni, shi ya dawo da ni, shi kuma ya bar mini baki har yau don in faɗa.

Magajiya, jingine taɓaryar nan ki zo. Nomau, kai ma bar saƙar zanar nan, ba gudu za ta yi ba. Ku zauna inda zan riƙa ganin fuskokinku. Tun da aka yi ruwan fari kuke cacar baki, har maƙwabta sun fara zuwa aron wuta ba don suna son wuta ba. Goran irinmu ya zama fanko. Duk dauron da ya rage a Tungar Ƙirya shi ne wanda ya tsiro a kasaken nan da ke bayan ɗakina, ga shi kuma gefen gabas ya fara yin kalar manja, kowa ya san Jar Rana tana tafe. Kai Nomau ka ce a kafa wa shukar rumfa, kada zafi ya taɓa ta. Ke kuma kin ce a ɗora ta a kan dutse kamar yadda na saba, a bar ta ta sha wuta har ta gode Allah. Jiya na ji ka da kunnena kana cewa, "Ranar da ta cinye ubanmu, ita za mu miƙa wa abincinmu?" To, yau za ku ji yadda ta ci shi. Wanda ya katse ni, na yi shiru ke nan.

Ku kun tashi kun tarar da rana biyu, kuna zaton haka duniya take tun asali. A ƙuruciyata rana ɗaya ce, farar nan. Jar Rana labarinta kawai muke ji a bakin fatake, wai tana can bayan Faƙon Kasko, inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara. A shekarar da na yaye ka, Nomau, ta leƙo mana. Tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa, sai ga ta a bayan farar rana kamar garwashi a bayan fitila. Iska ta koma kamar bakin tanda. Kafin la'asar gonaki suna warin dafaffiyar rama. Ta zauna har wata ya sake, ta tafi abinta. Da shekara ta zagayo ta dawo. Muka ci tafasa, muka ci ganyen da akuya ke shinshinawa ta wuce, muka fara kai yara makwanci.

Wani bafataken gishiri ya kwana a garinmu, ya ce ya taɓa jin wani wuri, Dutsen Tukuba, inda mata ke noman dauro, geron dashe, a ƙarƙashin Jar Rana kanta, kuma yana yin zangarniya kamar damtse. Mazan gari suka yi masa dariya. Ni ban yi ba. Na kai ku ɗakin kakarku, na ɗaure ɗan guzuri da gora, na ce wa ubanku na tafi.

Ya ce, "Tabawa, kina da hankali kuwa? Wa ya taɓa zuwa can ya dawo?"

Na ce, "Wa ya zauna nan ya ƙoshi?"

Ya dube ni, ya dubi wajen ɗakin kakarku, ya shiga ɗaki ya ɗauko malafarsa. Haka yake. Mutum ne da in ya ga tururuwa sun yi layi a hanya sai ya kewaye. Bai iya cewa a'a ba, bai kuma iya ganin abu yana wahala ba.

Muka yi ta tafiya har takalma suka huje. Garin farko da ya tare mu shi ne Birnin Lema. Tun daga nesa ba mu ga gari ba, sai wani abu shimfiɗe kamar an rufe duniya da faifai. Ashe zana ce, a kan zana, a kan zana, ana yayyafa mata ruwa, ta rufe gidaje da gonaki baki ɗaya. Muka shiga cikin wani duhu-duhu mai sanyi. Geronsu ya fi ni tsawo, ganyensa fatau kamar na gwaza, laushi kamar kunnen jariri. Ubanku ya tsaya yana shafawa, har da ƙwalla.

"Tabawa, ina kuma za mu? Ga abin da muke nema."

Bai rufe baki ba aka kama mu. Al'adarsu ce: ginshiƙan rumfar ba sa isa, itace ya ƙare a ƙasar, saboda haka duk baƙon da ya shigo sai a tsayar da shi ya tallabi zana da kansa da hannuwansa. Na ga mutane a jere tsakanin kunyoyi, wuyansu ya shige cikin kafaɗa, wasu gashinsu ya saƙu da zanar. Ana ba su kunu a baki. Na tambayi wata da ke kusa da ni tun yaushe take nan, ta ce ta zo da goyo, yanzu goyon ne wancan mai gemun da ke tallabe a kunya ta gaba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, sai daga baya.

Ina tsaye a nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani tsoho ya gaji ya durƙusa, zana ta yage daidai tafin hannu, haske ya faɗo a kan gindin gero ɗaya. Ba ma Jar Rana ba ce, farar ce ta kullum. Kafin a kawo tsumman toshewa, geron nan mai tsawo ya lanƙwashe ya narke kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Masu gari suka kewaye shi suna kuka kamar an yi mutuwa.

Fita kuwa, ga yadda muka yi. Na lura ba abin da suke tsoro kamar gara, ko sunanta ba sa ambata. Ku kun san yadda nake kama wa 'yan tsaki gara: tsohuwar tukunya, busasshen kashin shanu, ɗan karmami, a jiƙa a kife. Da aka sauke mu mu huta da magariba, na haɗa wannan a gindin ginshiƙin da ke kusa da mu, na tura ƙasa na rufe. Da gari ya waye Sarkin Rumfa ya zo zagaye, wani ƙato mai farar fata kamar wanda aka haƙo daga rami. Na fashe da kuka.

Ya ce, "Ke baƙuwa, me ya same ki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tausayinku nake ji. Mu mutanen Tungar Ƙirya gara ke bin sawunmu duk inda muka kwana. Gado ne. Ka duba."

Na shure tukunyar da ƙafa. Gara ta watsu fari fat, tana hawa ginshiƙi. Mutumin nan ya yi ƙara kamar mace ta ga maciji. Ba su ko yarda su taɓa mu ba, da dogayen sanduna suka tunkuɗa mu har ƙofar gabas, wadda dama ita muke so. Muna fita na ga ubanku ya naɗe wani guntun zanarsu a hammata.

Na ce, "Maigida, me za ka yi da wannan?"

Ya ce, "Abu mai kyau ne. Wa ya sani."

Daga nan sai Faƙon Kasko. Ba ciyawa, ba tsuntsu, baƙin dutse ne shimfiɗe har inda ido ya gaji. Da hantsi duwatsu kan fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Ƙadangarun wurin a kan ƙafa biyu suke tsayawa, in sun gaji su canza. Muna tafiya da sanyin safiya da na yamma, tsakar rana mu laɓe a tsagar dutse. Ruwa kuwa sai a ƙananan ramuka inda damina ta bari.

A can muka fara ganin ƙasusuwan. Na farko na zaci wani ne ya mutu yana sujada. Da muka matsa sai na ga a durƙushe yake, ya rungume wani kasko na yumɓu, ƙirjinsa a kansa. Gaba kaɗan ga wani, haka. Ga wani. Duk fuskokinsu yamma suke kallo, wato masu komawa gida ne. Ba wanda ya mutu a miƙe. Ubanku yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta dushe. Ni ban iya addu'ar ba. Na ce a raina, waɗannan sun samo abin da muke nema, to me ya durƙusar da su?

Dutsen Tukuba ya bayyana da hayaƙi a kansa. Gonaki ne hawa-hawa a jikin dutsen, ba rumfa ko ɗaya, ga dauro gajere, mai kauri, launinsa kamar toka-toka. Matan wurin suka kai mu gaban babbarsu, Gwamma, wadda suke kira Uwar Iri. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, baƙa wuluk, tana zaune tana taunar goro da dasashi. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Ku cire takalma."

Ta kama ƙafata ta danna tafin da babban yatsa. "Za ta yi." Ta kama ta ubanku, ta danna, ya zabura ya yi dariya. Ta ɗago ta ce, "Wa sunanka?"

"Jatau, Iya."

"Jatau, tun da nake ban ga ƙafar awo irin taka ba. Allah ya sa zuciyar ta bi ƙafar."

Ba mu gane ba sai da hantsi ya yi. Mata suka fito da kasaken dauro, tsiron bai wuce tsawon yatsa ba, suka hau wani falalen dutse da rana ta gasa, kowace ta ajiye kaskonta ta tsaya kusa da shi ba takalmi. Ina kallo ganye ya fara laushi yana sunkuyawa. Su kuma suna tsaye suna cije leɓe. Da tafin ƙafar mace ya kasa, sai ta sunkuci kaskonta ta sauka da gudu, ta kai shi inuwa ta ba shi ruwa. Ba mai ƙirga komai. Ƙafa ce ma'auni.

Ubanku ya ce, "Iya, wannan ai zalunci ne. Jarirai ne fa."

Gwamma ta tofar da goro. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Zo ka gani."

Ta ciro wani abu daga wuyanta, kamar ɗigon ƙanƙara amma ba ya narkewa. Ta ce a ɗora shi a kan ganye a sa ido. Ubanku ya ja da baya, ya ce shi ba zai leƙa rumbun Allah ba. Ni na leƙa.

'Ya'yana, ƙasa ta juya da ni. Cikin ganyen nan da bai kai faɗin tsinke ba, ɗakuna ne birjik kamar saƙar zuma. A tsakiyar kowane ɗaki akwai zare, siriri, dogo ba iyaka, an naɗe shi a kan ƙananan mazarai, tam-tam. Gwamma tana magana a bayan kunnena.

"Wannan zaren shi ne gadon dauro, daga uwa zuwa 'ya. Duk abin da zai iya yi a duniya yana jikin zaren. Inda aka naɗe da ƙarfi, barci yake yi. Riƙe da kyau."

Ta matso da garwashi kusa da ganyen. Sai na ga bangon ɗakunan ya fara zuba kamar man shanu a rana. Na so in janye ido, ta danne mini ƙeya. Can sai wani wuri a jikin zaren ya fara warwarewa, a hankali, a hankali, kamar tsohuwa na kwance ƙullin zane. Da ya buɗe, wasu 'yan mitsi-mitsi suka fito kamar tururuwa, suka ruga suna tokare bango, suna ɗaga abin da ya faɗi. Ta janye garwashin. Komai ya lafa. Amma wurin nan bai koma ya naɗe tam ba, ya zauna sako-sako, kuma a kan mazarinsa akwai wani ɗan ɗigo ja kamar na lalle.

Ta ce, "Kin ga ɗigon nan? Shi ne tunawarsa."

Ta sake kawo wuta, wadda ta fi ta farko. Wannan karon ko ƙiftawa ban yi ba wurin ya buɗe, masu tokare bango suka cika ɗaki tun bango bai fara zuba ba. Sannan ta tsinko ganye daga kaskon da bai taɓa hawa dutse ba, ta kawo masa wutar nan mai ƙarfi. Ina kallo zarensa yana ta faman kwancewa, bai kai rabi ba ɗakunan suka rushe. Na ajiye abin.

Na ce, "Iya, to in an yi masa sau ɗaya shi ke nan?"

Ta yi dariya har na ga dasashinta. "Da haka ne da ban tsufa a kan dutse ba. 'Yan kwanaki kaɗan wasu ke zuwa su goge ɗigon, su sake naɗe zaren. Dole ne. Masu tokare bangon nan ci gare su, in suna farke kullum dauro ba zai girma ba. Sai a riƙa tuna masa. In gabas ta yi ja, a hau dutse, a dasa, in ya tsallake ranar farko ta Jar Rana, ita za ta tuna masa ta biyu. Kuma ki ji: 'ya'yansa za su gaji zaren, ba za su gaji ɗigon ba. Kowace shekara sai an fara daga fari. Geronku na gida shi wurin nan ne ya raunana a zarensa, ko kin gasa shi ba zai riƙe ba."

Na ce, "Ke me ya sa ba kya hawa?"

Ta miƙo ƙafarta, ta ɗauki garwashin nan ta ɗora a tafin, tana kallona tana tauna. "Tsohuwa ba ta auna wuta."

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta ƙasusuwan da muka gani. Ta daina tauna.

"Iri ba ya fita ƙasar nan a bushe. Wanda ya tafi da busasshen iri zai shuka, ya mutu, ya ce mun cuce shi. Tsiro muke bayarwa a kasko, mutum ya ratsa Faƙo da shi, hanya ta koya masa. Waɗanda kika gani masu tausayi ne."

Muka zauna har muka iya. Aka ba ni kasko, aka ba ubanku nasa. Shi ya fi kowa iya awo, gaskiyar Gwamma, ƙafarsa tana ɗagawa daidai lokacin da ya kamata, har mata suna kallonsa su sauka tare da shi. Amma kullum ya sauko sai in ga yana yi wa tsiron magana ƙasa-ƙasa, yana ba su haƙuri.

Da muka kama hanyar gida, ba idon Gwamma, sai ya fara. Ranar farko ya ce yau akwai gajiya, a bar hawa dutse sai gobe. Washegari ya ce ai jiya sun sha rana a kansa. Daga nan ya warware guntun zanar Birnin Lema, ya yi wa kaskonsa 'yar rumfa, ya ɗora malafarsa a kai, yana jiƙawa da rabon ruwansa. Ni kuwa duk bayan 'yan kwanaki sai in tsaya da hantsi, in cire takalmi, in ajiye nawa a kan baƙin dutse har ƙafata ta kasa. Nasa ya yi tsawo, ya yi kore shar. Nawa ya tsaya gajere, toka-toka.

Yana tsokanata: "Tabawa, naki kamar gemun ɗan akuya. Dubi nawa, kamar 'yan sarki."

Na ce, "Maigida, ka ji abin da tsohuwar nan ta ce."

Ya ce, "Na ji. Bari su ƙara ƙwari tukuna. Kin ga yadda suke sunkuyawa kuwa? Kamar Nomau in yana zazzaɓi."

Na yi faɗa, na yi zagi, har na kai hannu zan fizge zanar, ya riƙe mini hannu. Bai taɓa riƙe ni da ƙarfi ba sai ranar. Na ƙyale shi.

Muna tsakiyar Faƙo gabas ta yi ja. Na ce ya hau dutse yanzu-yanzu, ko sau ɗaya ne. Ya yarda. Ya cire zanar, ya ajiye, ya tsaya. Amma tsiron da ya yi tsawo a inuwa, yana ganin rana ya zube kamar an yanka shi, tun ƙafarsa ba ta ji komai ba. Ya yi salati ya mayar da rumfar. Muka yi ta sauri, muna gudu muna faɗuwa, ko za mu fita Faƙo kafin ta fito. Ba mu fita ba.

Da safe ta taso. Ban san yadda zan kwatanta muku Jar Rana a Faƙon Kasko ba, wadda kuke gani a nan ƙanwarta ce. Sama ta koma kamar cikin maƙera. Inuwata ta rabu biyu. Duwatsu suka fara fashewa da ƙara kamar aradu, ƙadangarun nan suka ɓace. Numfashi in ka ja sai ka ji kamar ka haɗiyi barkono. Muka sami tsagar dutse ɗaya, matsattsiya, mai zurfi, sai an shiga a kaikaice. Za ta ɗauki mutum biyu. Kasko ba zai shiga ba, na gwada ta kowane gefe.

Na ajiye nawa a fili. Wallahi ji na yi kamar na ajiye ɗayanku a bakin kura. Ban san ko maganar Gwamma za ta riƙe ba, ɗigo ne fa kawai na gani, ɗan mitsitsi. Na shige tsagar, na miƙo hannu.

"Maigida, shigo!"

Yana durƙushe gaban kaskonsa. Zanar ta bushe ta fara hayaƙi, ya yar da ita. Ya cire rigarsa ya rufa, ita ma ta fara ƙauri.

"Shigo mana! Bar su!"

Ya ce, "Za su mutu."

"Ko ka tsaya za su mutu! Ba ka ga mutanen nan ba? Kai ka yi musu addu'a!"

Na fito, dutse yana cin gwiwata, na kama ƙafarsa ina ja. Ya juyo. Idonsa lafiya lau, ba hauka a ciki, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Tabawa, naki sun san abin da ke zuwa. Nawa ba su sani ba, ni na hana su sani. In na tashi, wa suke da shi?"

Na ce, "Magajiya da Nomau fa, wa suke da shi?"

Ya ce, "Ke."

Ya zare ƙafarsa daga hannuna, ya kifa ƙirjinsa a kan kaskon, ya rungume. Gashin kaina ya fara ƙauri. Na koma tsagar. Ina jin sa yana yi musu 'yar waƙar da yake yi maka, Nomau, in kana kuka. Na toshe kunne, na buɗe, na sake toshewa. Can na buɗe ban ji komai ba sai fashewar duwatsu.

Da ranakun biyu suka faɗi na fito da rarrafe. Yana nan yadda na bar shi, fuskarsa yamma. Na ɗaga shi da ƙyar. Dauron da ke ƙarƙashinsa ya dahu lugub, ko ɗaya bai tsira ba. Na so in miƙar da shi, jikin ya ƙi. Na kwantar da shi a gefensa cikin tsagar, na fasa kaskonsa na rufe bakin da gutsattsarinsa, na jera duwatsu. Ban bar shi a durƙushe don wani baƙo ya zo ya ƙirga shi cikin masu tausayi ba.

Sai da na gama na iya juyawa wajen nawa. Ganyen ya nannaɗe kamar allura, fari-fari, na ce shi ke nan, na rasa biyu. Na guntsi ruwan da ya rage na fesa musu, na zauna. Gari na wayewa, kafin ta sake fitowa, na ga allurar nan tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora kaskon a kai na tafi. Rana ta biyu ba su ma nannaɗe kamar ta farko ba. Na kewaye Birnin Lema ta kudu, daga nesa na hangi hayaƙi yana tashi inda zanar take, ban tsaya tambaya ba. Abin da kuka ci kuka girma, da abin da duk Tungar Ƙirya ta ci, daga kaskon nan ya fito.

To, kun ji. Kai Nomau, zanar da kake saƙawa za ta rufe kasake, na yarda. In an dasa fa? Gona nawa za ta rufe? Wa zai tallabe ta har wata ya sake? Ke kuma Magajiya, daina gyaɗa kai kamar kin ci gari, ban gama ba. Kin ce a bar su su sha wuta har su gode Allah. Haka na yi bara, rabin irinmu ya tafi, shi ya sa goran ya zama fanko. Ba mugunta ba ce. Ina tsaye a kan dutsen ina jiran ƙafata ta gaya mini, ba ta gaya mini ba. Shekaranjiya na taka garwashi a madafa, sai ƙauri ne ya sanar da ni. Na zama Gwamma. Ke kuwa tun kina yarinya kike yawo ba takalmi a kan tsakuwa, tafinki kamar ƙirgi, ga taurin kai irin nawa. In kika hau dutsen nan sai kin dafa su kafin ki yarda kin ji zafi.

Miƙo ƙafarka, Nomau. Miƙo mana, ba cizo zan yi ba. Kun gani? Ɗan dannawa kaɗan ya zabura. Ƙafar ubanka ce, sak. A duk gidan nan babu mai iya auna wa dauron nan wuta sai kai, kai ɗin da ba ka son a kai shi.

Ni ba zan ja ka zuwa dutse ba. Na taɓa jan ƙafa irin wannan, na san iyakar ƙarfina. Ku tashi ku je bayan ɗaki, ku tsaya gaban kasaken nan, ku daidaita tsakaninku, ku biyu, ban da maƙwabta. In rumfa kuka zaɓa, ku zo ku gaya mini sunan wanda zai zauna ƙarƙashinta in ta fara hayaƙi. In dutse ne, ba sai kun ce komai ba. Magajiya ta ɗauki kasake, kai kuma gobe kafin hantsi ka bar takalmanka a bakin ƙofata.